Sunayenmu A Hannun Wa Suke?

Jama'a, babu wanda zai koya wa mazaunin Jos darajar takarda. Tun daga 1991 da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, rigimar garin nan ba ta taɓa yin nisa da takarda ba: wa za a ba shaidar zama ɗan asali, wa za a ce ya koma garin kakanninsa ya nemo. Yaron da aka haifa a Gangare, aka haifi ubansa a Gangare, kakansa kuma ya zo haƙar kuza tun zamanin Turawa, ya san yadda takarda guda take tsayawa tsakaninsa da gurbin karatu ko aikin gwamnati. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto sukutum a kan wannan wariya a 2006, kuma Filato na cikin jihohin da ta yi bincike a kansu. Wannan tsohuwar magana ce, ba kuma ita muke son tayarwa a yau ba. Abin da muke so mu jawo hankalin magidanta a kai shi ne, takardar nan ta tashi daga cikin fayil ta koma cikin kwamfuta, kuma da yawa daga cikinmu ba su tsaya sun yi tunanin abin da hakan ke nufi ba.

A da, bayanin mutum yana cikin kabad ɗin wani ofis ne. Mai son ganinsa sai ya taka da ƙafarsa, ya roƙi akawu, ya karkaɗe ƙura, in ma gara ba ta riga shi ba. Yanzu fa? A 2011 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fara rajistar layukan waya, aka ɗauki hotunanmu da zanen yatsunmu. A 2014 Babban Bankin Najeriya ya fito da lambar BVN, aka sake ɗauka. Hukumar zaɓe ta ɗauki nata. Hukumar katin ɗan ƙasa, wato NIMC, wadda dokar 2007 ta kafa, ta ba mu lambar NIN. Sai a watan Disamba na 2020 gwamnatin tarayya, ta bakin ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ta ce kowa ya haɗa layinsa da wannan lamba ko a rufe layin. An yi ta ɗaga wa'adi har zuwa Satumba na 2024. Daga 2021 kuma ba a rubuta jarrabawar JAMB sai da ita. Wato dai suna, hoto, adireshin gida, lambar waya da asusun banki, waɗanda a da suke warwatse a ofisoshi daban-daban, yanzu igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Duk wanda ya cike fom ɗin NIN da hannunsa zai tuna cewa ba a tsaya kan suna da ranar haihuwa ba. Akwai gurbin garin asali, da ƙaramar hukuma da jihar asali, da asalin uba da na uwa, da harshen da mutum ya tashi da shi, har da addini. A nan ne abin ya ɗaure mana kai. A ƙidayar jama'a ta 2006, gwamnati da kanta ta cire tambayar addini da ta ƙabila, don ta san wutar da alƙaluman za su iya kunnawa, alhali ƙidaya jimla ce kawai take fitarwa, ba ta nuna gidan kowa. To ga shi abin da aka ji tsoron tarawa a jimlace an tara shi ɗaiɗai, kowane mutum da hotonsa da lambar gidansa.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Ba mu ce kowa ya ƙi yin rajista ba, hasali ma muna kira ga duk magidancin da iyalinsa ba su da lambar NIN da ya kai su a yi masu. Ga mutanen da aka daɗe ana ce wa baƙi, wannan lamba tana da wani alheri da ba a cika faɗa ba: ta tarayya ce, ba shugaban ƙaramar hukuma ke sa mata hannu ba, kuma abin da take shaidawa shi ne kai ɗan Najeriya ne ko mazauninta bisa doka. Mun kuma fahimci dalilin da ya sa hukuma ke son sanin mai kowane layi. Mu da muka ga rikicin Janairu na 2010 mun san irin saƙonnin tes da suka riƙa yawo a wayoyin Musulmi da na Kirista, kowanne ɓangare ana gaya masa ɗayan na shirin gamawa da shi, ba a san wanda ya rubuta ba. A Yuni na 2018 kuma, lokacin kashe-kashen yankin Gashish a Barikin Ladi, binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna cewa wasu hotunan da aka yaɗa a Facebook ba ma a Najeriya aka ɗauke su ba, kuma an tare hanya an kashe matafiya a ranar da hotunan ke yawo. Wanda ya binne ɗan'uwansa saboda saƙon ƙarya ba zai yi gardama da mai cewa a san masu layi ba.

Tambayarmu ita ce, bayan an tara, wa ke gadi? A watan Maris na 2024 gidauniyar 'yan jarida masu bincike ta FIJ ta bankaɗo wani shafin intanet mai suna XpressVerify da ke sayar da bayanan NIN na mutane ga duk wanda ya biya. A watan Yuni na shekarar, ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna wani shafin, AnyVerify, inda da naira 100 kacal ake fito da bayanin mutum, har ta ce ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa Bosun Tijani don ta tabbatar wa duniya. Hukumar NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba, ta kuma gargaɗi jama'a game da irin waɗannan shafuka. To, mu dai ko ta ƙofa aka fitar da kayan ko ta taga, a kasuwa aka gan su. Idan na minista naira 100 ne, nawa ne na mai shayi a Unguwar Rogo?

A Legas ko Abuja, abin da mutum zai fara ji wa tsoro a irin wannan yoyo shi ne ɗan damfara ya kwashe masa kuɗi. A Jos akwai abin da ya fi kuɗi. Tun bayan 7 ga Satumba 2001, da Nuwamba na 2008, garin nan ya rabu unguwa-unguwa, kowa ya san titin da ba ya bi in gari ya ɗauki zafi, kuma kowa ya san tambayar farko da ake yi a shingen da matasa suka kafa: yaya sunanka? A Ruwanda, Turawan Beljiyam ne suka sa ƙabila a katin shaida a shekarun 1930 don sauƙin mulki, sai a 1994 katin nan ya zama abin da ake dubawa a kan shinge kafin a yanke wa mutum hukunci. Wanda ya tsara katin bai yi nufin haka ba, amma bayani in ya taru ba ya zaɓen hannun da zai faɗa. Ba muna cewa haka za ta faru a nan ba, Allah Ya kiyaye. Kuma ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Birom da Anaguta da Afizere, da Ibo da Yarbawan da ke garin nan, kowannensu akwai titin da shi ne bare a kansa. Jerin sunaye da addini da adireshi makami ne da ba ya tambayar wa ya fara ɗauka.

Akwai wasu mutane da ya kamata mu san labarinsu, don halinsu ya yi kama da namu. Su ne Nubiyawan Kenya, waɗanda Turawan Ingila suka kawo kakanninsu daga Sudan a matsayin sojoji, suka zaunar da su a Kibera cikin birnin Nairobi fiye da shekara 100 da suka wuce. Jikokinsu sun daɗe suna shan tantancewa ta musamman kafin a ba su katin ɗan ƙasa. Da gwamnatin Kenya ta fito da sabuwar rajista ta kwamfuta mai suna Huduma Namba a 2019, ba su tsaya ƙorafi a majalisar shayi ba. Ƙungiyarsu ta kare haƙƙi, tare da wasu, ta shigar da ƙara, kuma a Janairu na 2020 babbar kotu ta ce ba za a ci gaba da shirin ba sai an samar da cikakkun ƙa'idojin kare bayanan jama'a, ta kuma hana tattara ƙwayoyin halittar mutane da alamar inda gidajensu suke a taswirar tauraron ɗan'adam. 'Yan tsiraru ne suka kai ƙarar, amma duk ɗan Kenya ya amfana.

Mu ma ba hannu rabbana muke ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa kariyar sirrinsa, da na gidansa, da wasiƙunsa da hirarsa ta waya, kuma bai ce sai ɗan asali ba. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. A ƙarƙashin dokar nan, kana da ikon tambayar banki ko kamfanin waya ko makaranta ko asibiti abin da suka ajiye a kanka da wanda suka ba, ka sa a gyara kuskure, ka janye yardar da ka bayar, a wasu halaye ma ka sa a goge. Idan bayanan suka zube ta yadda za a iya cutar da mutane, wajibi ne mai ajiyar ya sanar da hukumar cikin awa 72. Abin da ya fi shafarmu, dokar ta ware ƙabila da addini da zanen yatsa da ra'ayin siyasa a cikin bayanai masu haɗari da ba a taɓa su sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Gaskiya ne dokar ta bar wa jami'an tsaro ƙofa mai faɗi da sunan tsaron ƙasa da binciken laifi, kuma wannan ƙofar tana buƙatar sa ido. Amma ba za a ce hukumomi ba sa cizo sam ba. A 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin bashi na Soko naira miliyan 10 saboda aika saƙonni ga mutanen da ke cikin wayar masu bashi, a Yuli na 2024 kuma hukumar kare masu sayayya ta tarayya ta ci tarar kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220. Dokar da ba a kai ƙara da ita ba, ado ce kawai a littafi. Lauyoyinmu matasa su karanta ta, su fara rubuta wasiƙu.

Yanzu bari mu shigo cikin gida, don ba duk yoyo ne daga Abuja yake zuwa ba. Ƙungiyoyi irin namu, da kwamitocin masallatai da na unguwanni, su ne suka fi kowa riƙe bayanai masu nauyi. Duk lokacin da aka kafa kwamitin bincike, daga na Mai Shari'a Niki Tobi bayan 2001 zuwa na Bola Ajibola bayan 2008, sai an tattara sunayen waɗanda suka rasu, da gidajen da aka ƙone, da shaidun da suka ga abin da ya faru da idonsu. Ga jerin zawarawa da marayu na rabon zakka, ga na ɗaliban da ake nema wa tallafi. A da waɗannan suna cikin littafi a akwatin sakatare. Yanzu suna yawo a zaurukan WhatsApp masu ɗaruruwan mutane, inda kowa ke ganin lambar kowa, kuma danna yatsa ɗaya ya isa ya fitar da jerin zuwa inda ba a nufa ba. Shaidan da ya amince ya faɗi abin da ya gani, amana ya ba mu, ba sanarwa ba.

Haka nan a gidaje. Ana kai takardar NIN shagon buga takardu a yi fotokwafi, a bar hotonta a kwamfutar shagon, mai zuwa baya ya tarar. Ana miƙa waya ga mai gyara a buɗe, da hotunan iyali da saƙonnin banki a ciki. Yaro ya sauke manhajar bashi don naira 5,000, ya danna yarda bai karanta ba, ya miƙa lambobin dangi kaf. Lokacin siyasa kuma a ga wani ya zo da takarda yana rubuta lambar katin zaɓe da ta NIN da ta asusun banki, wai za a kawo tallafi. Wa ya aiko shi? Ina takardar za ta kwana? Uwargida tana da haƙƙin ta yi wannan tambaya a bakin ƙofa, kuma ba rashin kunya ba ne.

A nan ne maganar buɗaɗɗiyar manhaja ta shigo, wadda matasanmu masu karatun kwamfuta suka daɗe suna yi, dattawa na ɗauka surutun 'yan boko ne. Kowace manhaja, ta waya ko ta kwamfuta, da rubutu ake gina ta, rubutun da ke gaya wa na'ura abin da za ta yi. Yawancin kamfanoni suna ɓoye wannan rubutu, su ba ka abin da aka gama, kai kuwa sai ka yarda da abin da suka ce yana yi. Buɗaɗɗiya ita ce wadda aka baje rubutunta a fili, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya raba wa wasu. Wani Ba'amurke, Richard Stallman, shi ya fara wannan gwagwarmaya a 1983, sai wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fito da Linux a 1991, wanda a kansa aka gina Android da ke cikin aljihun yawancinmu. Wasu kan ji kalmar buɗaɗɗiya su tsorata, su zaci sirrinsu ne za a buɗe. A'a. Kamar kwaɗon ƙofa ne da maƙerinsa ya yarda duk maƙeran gari su kwance shi su duba ko ya ɓoye wa kansa makulli na biyu. Cikin kwaɗon ne a buɗe, makullin yana hannunka.

Ga misali da kowa zai gane. Tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙonni ta yadda mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya karantawa, kuma dabarar kullewar daga manhajar Signal ya aro ta. Bambancin shi ne rubutun Signal a fili yake, gidauniya ce ke tafiyar da ita ba kamfanin talla ba, kuma kusan ba ta ajiye komai game da wa ya yi magana da wa. WhatsApp kuwa rubutunsa a rufe yake, kuma ko da bai karanta saƙonka ba, yana tattara lambarka da irin wayarka da lokutan da kake amfani da shi. Daga 2024 Signal ta ba da damar a yi amfani da laƙabi a ɓoye lambar waya, abin da ke da muhimmanci a ƙasar da lambar waya take ɗaure da NIN. Ba mu ce a bar WhatsApp wajen gaisuwar suna da sanarwar ɗaurin aure ba. Amma sunan shaida da adireshin bazawara ba wurinsu ba ne. Don rubutu da lissafi akwai LibreOffice, kyauta, maimakon manhajojin sata da ake ɗura wa kwamfutoci a shaguna ba a san abin da aka cusa a cikinsu ba. Don kulle faifan ajiya akwai VeraCrypt. Don tattara bayanai a unguwanni akwai ODK da KoboToolbox, waɗanda ma'aikatan lafiya da na agaji suka daɗe suna aiki da su a Arewa, kuma ƙungiya na iya ɗora su a kan na'urarta ta kanta.

Sai dai a yi hattara da zuzutawa. Mafi yawanmu ba za mu taɓa karanta rubutun wata manhaja ba, dogaro muke yi da cewa wasu masana a wani wuri sun duba, kuma an sha samun ɓaraka a buɗaɗɗun manhajojin ma. Babu kuma manhajar da za ta tsare wayar da aka miƙa a buɗe, ko ta rufe bakin ɗan kwamitin da ba ya iya riƙe magana. Kariyar da ta fi kowace ƙarfi ita ce kada a tara abin da ba a buƙata. Idan buhun shinkafa za a raba, suna da unguwa sun isa, me ya kawo lambar NIN? Idan an gama rabon, me ya sa jerin zai zauna a wayoyin mutum goma har shekara ta zagayo?

Abin da ke ba mu ƙarfin gwiwa shi ne, Jos ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 1999 wani malami daga Jami'ar Iowa ta Amurka, Cliff Missen, ya zo koyarwa Jami'ar Jos, ya ga yadda rashin intanet ke hana malamai da ɗalibai samun littattafai. Daga nan aka samo tunanin eGranary, wato rumbun ilimi: a kwafi ɗimbin shafuka da littattafai da izinin masu su, a zuba a faifai guda, a ajiye a cikin makaranta, kowa ya karanta ba tare da ya hau intanet ba. Daga baya rumbun nan ya bazu zuwa makarantu da asibitoci a ƙasashe da dama. Dabarar ta Bahaushen manomi ce, hatsinka a rumbunka, a cikin gidanka. Tun 2015 kuma cibiyar nHub ke koyar da matasa rubuta manhaja a garin nan. Muna so mu ga 'ya'yanmu, maza da mata, daga Rikkos da Dilimi da Ali Kazaure da Bukuru, a irin waɗannan wurare, suna zama benci ɗaya da 'ya'yan maƙwabtanmu. Aikin da ke jiransu ma yana da yawa: yawancin waɗannan manhajoji da Turanci suke magana, kuma tunda a buɗe suke, ba sai an nemi izinin wani kamfani kafin a mayar da su Hausa ba, kamar yadda 'yan sa-kai ke ta rubuta Wikipedia ta Hausa. Tsohuwar da za ta danna yarda ya kamata ta san abin da ta yarda da shi.

Ga gwamnatin Jihar Filato da ƙananan hukumominta kuma muna da magana tun kafin a yi nisa. Legas da Kaduna sun kafa hukumomin rajistar mazauna, inda abin tambaya shi ne ina kake zaune. Duk wata rajista ta kwamfuta da za a yi a jihar nan, ta mazauna ce ko ta masu karɓar tallafi ko ta takardar asali, muna neman a bayyana wa jama'a tambayoyin da ke cikin fom ɗin kafin a fara, a faɗi kamfanin da aka ba kwangila da inda na'urar ajiyar take, a yi nazarin haɗarin da dokar 2023 ta wajabta a kuma buga sakamakonsa, sannan a cire gurbin addini da na ƙabila daga duk fom ɗin da ba ya buƙatarsu. Idan kuɗin jama'a aka kashe wajen gina manhajar, a baje rubutunta yadda malaman Jami'ar Jos da duk mai ilimin abin za su iya dubawa, don a tabbata ba a dasa wata ƙa'ida a ɓoye da ke tace mutane da sunan garin kakansu ba. Akawun da ya hana ka takarda kana ganin fuskarsa, kana iya kai ƙararsa gaba. Kwamfuta kuwa cewa kawai za a yi ta ƙi, a ce ka dawo gobe.

Kafin fitowa ta gaba, muna roƙon sakatarorin rassa da na kwamitocin unguwanni su zauna su lissafa jerin sunaye nawa ke hannunsu, a wayar wa da wa suke, wanne ne aikinsa ya ƙare a goge shi, wanne ne kuma za a mayar wuri ɗaya a kulle a hannun mutum biyu da aka amince da su. Takardun shaidun rikicin 2001 da 2008 da 2010 su za a fara da su.